Kwalin Dutse Bai Jiƙe Ba, Direba Ya Ɗauki Laifina

Malama mai filin shawara,

Don Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da ta yi miki tsawo. Ni ban iya gajarta magana ba, a baki ma haka nake, balle a takarda. Yau kwana goma sha ɗaya ina ɗauke da wani abu a ƙirjina na rasa inda zan sauke. In na faɗa wa yayata, kafin la'asar duk layinmu sun ji. In na faɗa wa maƙwabciyata, to gara ma yayar tawa. Shi ya sa na ce bari in rubuto miki, ke da ba ki san fuskata ba.

Da hannuna na rubuta, ban sa kowa ba. Ban shiga aji ba sai da na haura hamsin, bayan rasuwar maigidana, a makarantar manya da ake yi da yamma. Yanzu alhamdulillahi ina karanta jarida, filinki ma na fi so. Sai dai da yatsa nake bin layi, kuma ba na son a tsaya a kaina ina yi.

Sana'armu ta kifi ce. Maigidana ne ya kafa rumfar. Mukan sayi ɗanyen kifi, mata su wanke su gyara, a jera a kwali da ƙanƙara, a aika wa masu otal da masu shaguna a garuruwan da ke nesa da ruwa. Da ya rasu, 'yar autata ce ta karɓi aikin. Ita ta yi karatu, ita ke riƙe da waya da kwamfuta. Ma'aikata Manaja suke ce mata, ni kuwa Auta nake ce mata ko a gaban wa, ta hana har ta gaji ta ƙyale. Yarinya ce mai ƙoƙari da hankali, ba ta zalunci, amma ta ɗauko zafin ubanta. In ta yanke magana, ko wuƙa sai haka.

Ni aikina guda ɗaya ne a rumfar, kuma shekara talatin da 'yan kai ina yin sa. Kafin a loda mota, nakan bi kwalayen in sa tafin hannuna a ƙasan kowanne. Kwalin takarda ba ya ɓoye abin da ke cikinsa. In ƙanƙara ta fara narkewa, gindinsa zai yi danshi, ya yi laushi kamar burodin da ya faɗa shayi. Daga yadda ya lotsa a hannuna nake gane ko ƙanƙarar za ta kai tafiyar ko sai an ƙara. Ba na buɗewa. Buɗe kwali aikin sabon shiga ne, yana ɓata lokaci, yana kuma fitar da sanyi. Marigayi yakan ce hannuna ya fi injin asibiti gani. Har yau a rumfar magana ce da kowa ya sani, wai sai Inna ta shafa. In ban shafa ba mota ba ta tashi.

To watannin baya wani saurayi mai kwat da takalmi mai ƙyalli ya zo mana da sabon kwali, fari fat, wai da dutse aka yi takardarsa. Na ce masa in dai dutse ne ya kawo mana da yawa, muna da katangar da ta rushe. Bai ji haushi ba. Ya sa aka kawo bokitin ruwa, ya nutsa kwalin a ciki, ya zauna ya sha shayinsa a tsanake, sannan ya ciro shi ya kaɗa. Ruwan ya zube kamar daga bayan agwagwa. Ya miƙo mini ya ce in yaga. Na ja, na murɗa, na sa ƙarfina duka, abin sai dai ya ɗan miƙe, ya ƙi yagewa. Matan rumfa suka yi ta dariya, wai yau Inna ta gamu da daidai ita.

Ina kallon idon Auta na san an gama ciniki. Ban ga laifinta sosai ba. Tsohon kwali ya sha ba mu kunya. Akwai ranar da gindin wani ya fashe a kan ɗan dako, mutumin ya tsaya da kifi a wuyan riga yana salati. Masu saye ma sun sha kukan kaya na isa a jiƙe, a lotse, wani ma a buɗe.

Amma ni hankalina bai kwanta ba. Na sa almakashi na yanki gutsuren takardar na tafi da shi gida. Na jiƙa shi kwana uku a kwano, ya fito yadda ya shiga. Na kai shi bakin wuta, bai ci kamar takarda ba, sai ya tattare yana warin leda. Allah na tuba, har lasa na yi, ban ji ɗanɗanon komai ba. Na yi ta tunanin ko garin dutsen nan yana bin kifi ya shiga cikin mutane, 'yata ta zo tana ciyar da jama'a tsakuwa ba ta sani ba. Abu ɗaya dai zan yaba masa, biro na tafiya a kansa sumul. Baƙina bai taɓa kyau kamar a kan takardar nan ba.

Da kwalayen suka iso, Auta ta miƙo mini wata takarda a gaban matan da ke gyaran kifi. Ita ta rubuta da kanta, da harshenmu, ta buga a inji. Ta ce in karanta, bayanin yadda za a riƙa aiki da sabon kwali ne. Na duba, rubutun ƙanana kamar tururuwa sun yi layi. Ga mata shida sun ɗago kai suna kallona. Na ga ba zan tsaya ina bi da yatsa ina motsa baki a gabansu ba, sai na ce to, na ninke na cusa a jaka. Da na koma gida kuma wata zuciyar ta ce mini, ke da kwali takarda ce za ta koya miki? Haka takardar ta zauna tare da tazbaha da maganin ciwon gwiwa.

Kwanakin farko ba abin da ya faru, don daga ɗakin sanyi kaya ke fita kai tsaye zuwa mota. Ina shafawa, ina jin su a bushe, ina cewa a loda, kuma suna isa lafiya. Har na fara cewa a raina ashe abin ba wuya.

Ranar da abin ya faru, injin ɗakin sanyi ne ya tsaya tun da safe. Mai gyara ya zo ya baje ƙarafansa. Kwali arba'in da aka riga aka shirya suka zauna a rumfa tun hantsi har bayan azahar, ga rana kamar ta sauko ƙasa. Auta ta tafi kai jaririnta allura asibiti. Tana fita ta ce mini, don Allah in duba ƙanƙara da kyau kafin a loda. Na bi kwalayen nan ɗaya bayan ɗaya, duka arba'in, na sa hannu a ƙasan kowanne. A bushe, a tsaye ƙyam, ba ko alamar danshi. Har na ce a raina lallai dutsen nan yana riƙe sanyi.

Bari in gaya miki wane ne direbanmu. Sannu-Sannu ake ce masa. Shekararsa goma sha tara da mu, tun zamanin marigayi. Bai taɓa ko ƙwarzane motar ba, amma a hanya mai keke ma yakan wuce shi ya waiwayo ya yi masa sannu. Auta ta daɗe tana mita a kan jinkirinsa. Shi ne ya zo ya tsaya kusa da ni, ya sosa ƙeya, ya ce a hankali, Inna rana fa ta yi zafi yau, ko a buɗe guda ɗaya a gani. Malama, da ya ja ni gefe ya faɗa, wataƙila da na ji. Amma a gaban matan nan ya faɗa. Na ce masa tun bai san birki da kuloci ba nake shafa kwali, ya je ya ji da sitiyarinsa in ji da hannuna. Mata suka kwashe da dariya. Ya ce Allah ya ba da haƙuri Inna. Aka loda, ya tafi.

Tafiyar awa shida ce. Da kaya suka isa, mai otal ɗin ya bugo waya, ya kuma turo hotuna. Kwalayen nan tsaf kamar yanzu aka fito da su daga kamfani. A ciki kuwa ba ƙanƙara ko ƙwaya, sai ruwa cike, kifin na yawo a ciki kamar an mayar da su kogi, sai dai ba rai. Duka arba'in ɗin sun lalace. Mutumin ya ce zai yi tunani kafin ya sake sayen kayanmu, kuma shi ne babban mai sayenmu.

Washegari Auta ta tara kowa a rumfa. Ta ce Inna da kanta ta duba ƙanƙara, don haka daga nan kaya lafiya suka fita, matsalar a hanya take. Wai ko Sannu-Sannu ya tsaya shan shayi, ko ya sami inuwar bishiya ya miƙe ƙafa, ita dai ta gaji. Ta ce ƙarshen wata ya ajiye mata makulli. Ina zaune a kujerata, tsakanina da shi bai fi taku uku ba. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da ido ƙasa, ya ce Allah ya huci zuciyar Manaja. Matan ma kowa ta duƙufa kan wuƙarta. Ni kuma na zauna ina kallo har aka watse.

Da na koma gida na zazzage jaka na ciro takardar nan. Na sa tabarau, na sa yatsa. Layi na uku ne. An rubuta cewa sabon kwali ba ya shan ruwa, ba ya nuna danshi a waje, don haka dole a buɗe a duba ƙanƙara da ido. Kafin ruwan shayina ya tafasa na gama karanta takardar duka. Wannan shi ya fi ci mini rai. Da abu ne mai wuya da na sami abin faɗa.

Tun ranar ina buɗe kwali a ɓoye, in an tambaya in ce jeri nake gyarawa. Shi kuma bawan Allahn nan bai fasa komai ba. Kullum da safe sai ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi gwiwa, in rana ta juyo ya ɗauki kujerata ya mayar inuwa. Wallahi da zagina yake da ya fi mini sauƙi. Yana da iyali, 'yarsa babba tana karatun jinya, kuma a shekarunsa wa zai ba shi mota in aka ce don ya lalata kaya aka sallame shi?

Za ki ce me ya hana ni faɗa. Shekara biyu ke nan Auta na cewa Inna ki huta, Inna kin yi naki. Har kujera mai laushi ta saya mini ta ajiye gaban talabijin. Abin da ya sa ba ta matsa ba shi ne hannun nan. In ta ji hannun ya daina aiki, kuma na ƙi karanta takardarta, kuma na zauna ina kallo aka wulaƙanta mutum, me zan tsaya yi a rumfa? Ni kuwa in na zauna a gida na san ƙarshena. Na ga yadda yayata ta koma, yanzu ta san wanda ya shiga da wanda ya fita a kowane gida na layinmu. Ban da haka, yadda yarinyar nan ta ce Inna da kanta ta duba, ko gezau ba ta yi ba, ba ki ji yadda ta faɗa ba. Tun tana goye take jin ana cewa sai Inna ta shafa. Ina tsoron yadda za ta dube ni.

Na yi tunanin dabara biyu, ki auna mini. Ta farko, in je in roƙe ta a matsayina na uwa, in ce ta yafe masa albarkacina da albarkacin mahaifinta. Na san za ta yi gunaguni amma ba za ta ƙi ni ba. Shi ya tsira da aikinsa, ni in tsira da mutuncina, kowa ya huta. Ta biyu, in dage mata a kan mu koma tsohon kwali, in ce na dutsen nan ne bai dace da abinci ba. Kuma ba ƙarya zalla ba ce, don har yanzu ina wasi-wasi a kansa. Ke da kike da masana a kusa, ki tambayar mini, takardar dutsen nan ba ta cutarwa kuwa?

Kwana tara suka rage wata ya ƙare. Ba na cin abinci sosai, Auta har ta fara cewa za ta kai ni awo. Ki faɗa mini gaskiya, amma ki sassauta, ni tsohuwa ce.

Taki,
Uwar mai rumfar kifi

*

Inna,

Sannu da ɗawainiya. Wasiƙarki ta tarar da wasu da yawa a gabanta, na tsallake su na ɗauko taki, saboda kwanakin da kika ƙirga ba sa jiran layi. Masu sauran wasiƙun su yi mini afuwa, nasu matsalolin ba sa narkewa.

Bari in fara da mai sauƙin, in kawar da ita daga hanya, don na lura kina so ki ɓuya a bayanta. Na tambayi wanda ya san harkar. Takardar nan garin farin dutse ce, dangin wanda ake yin alli da shi, aka haɗa da roba kaɗan ta riƙe shi. Robar ce ta ba ki warin leda a bakin wuta, ita ce kuma ta hana ruwa shiga. Ba a haɗa ta da wuta ko abinci mai zafi, don haka ki daina gwajin murhu, lasar ma ta isa haka. Ba kowace iri aka yi don taɓa abinci ba, saboda haka tambayarki tana kan hanya. Auta ta nemi kamfanin ya ba ta shaida a rubuce cewa irin da suka sayar mata na abinci ne. In sun bayar, ki kwantar da hankalinki. Amma ki sani kwali ne kawai, ba firji ba ne. An ce ba zai jiƙe ba, bai kuwa jiƙe ba. A duk cikin labarin nan shi kaɗai ne ya yi abin da aka ce zai yi. Dabararki ta biyu ta faɗi ke nan.

Ta farkon kuwa, Inna, na yi murmushi da na karanta, don dabara ce ta gwanaye. Ki duba yadda za ta ƙare. Ke ki fito a uwa mai tausayi, Auta ta fito a mai biyayya, shi kuma ya ci gaba da tuƙi da tambarin wanda ya kwanta a inuwa ya lalata kwali arba'in, aka bar shi don alfarma. Duk ranar da ya makara da minti goma sai an tuna masa. Kuma sai ya zo ya durƙusa ya yi miki godiya. Za ki iya karɓar wannan godiyar? Ni daga wasiƙarki na san ba za ki iya ba. Wadda kujera a inuwa ta hana ta cin abinci, godiya kwantar da ita za ta yi.

Akwai kuma abin da kika rubuta da hannunki amma ba ki tsaya kin kalla ba. Kina magana kamar ba wanda ya san zancen. Inna, mata shida suna wurin lokacin da ya ce a buɗe guda, suna wurin kika ba shi amsa, har dariya suka yi. Mata shida, kowacce da miji da 'yar'uwa da maƙwabciya. Shirun da suka yi har yau girmanki ne suka duba, kuma ban ba shi tsawon rai ba, musamman ranar da suka ga mutumin ya miƙa makulli da gaske. Auta za ta ji. Abin da ya rage a hannunki shi ne daga bakin wa za ta ji.

Ba ke kaɗai ke da kaso ba, kuma ina so ki san haka kafin ki je, kada ki shiga kamar wadda za a yanka. Auta ta canza kwalin da duk aikinki ya dogara a kansa, ta wadatu da miƙa miki takarda mai ƙananan baƙaƙe a gaban jama'a, alhali ta fi kowa sanin yadda kike karatu. Minti biyar na nuni da hannu da ya wadatar. Sannan ta yanke wa mutumin shekara goma sha tara hukunci ba ta tambaye shi me ya faru ba, don dama tana cike da shi. Shi ma Sannu-Sannu, kunyarsa abin yabo ce, amma direban da ya ga alamar matsala a kayan abinci ya kamata ya ɗaga waya ya kira mai kaya. Sai dai kada ki tafi da waɗannan a matsayin makami. Ki faɗi naki, ki bar ta ta gano nata. Kin ce ba ta zalunci, to za ta gano.

Ga yadda nake ganin za ki yi. Gobe, kada ki ce jibi. Ki same ta a gida, ba a rumfa ba, ku biyu kawai. Kada ki fara da tarihin marigayi ko labarin ɗan dakon nan, don na ga alamar in kika ɗauko hanya sai rana ta faɗi ba ki iso ba. Ki fara da cewa ba ki buɗe kwali ba ranar, kuma direba ya ce a buɗe kika hana. Sauran bayani ya biyo baya, har da takardar da ta kwana a jaka da dalilin da ya sa. Za ta yi zafi. Ki bar ta ta yi, kada ki tare ta da kuka ko da ni na haife ki. Bayan ta huce, ku je wurin Sannu-Sannu tare. A gaban ma'aikata aka ɗora masa, a gabansu za a sauke. Ke ma ki ba shi haƙuri da bakinki. Ba zai bari ki ƙarasa ba, na san irinsu, amma ki fara. Mai otal ɗin kuma Auta ta kira shi ta faɗa masa ainihin inda aka yi kuskure da abin da aka gyara. Mai saye ya fi natsuwa da wanda ya san inda ya faɗi.

Sai maganar kujerar gaban talabijin. Ba zan yi miki alkawarin Auta ba za ta ce ki huta ba. Tana iya cewa, kuma ko da za ta ce, sai kin faɗa, domin aikin mutum da sunansa ba abin da za ki saya wa kanki wurin zama da su ba ne. Amma kada ki je hannu rabbana. Ki je da tsari. A kowane jeri a buɗe kwali guda, a sa hannu cikin ƙanƙarar, a danna kifin, a rubuta lokacin da aka shirya shi a kan murfi. A sayi ɗan ma'aunin sanyi. Ranar da ɗakin sanyi ya tsaya, a buɗe duka. Bayanin nan kuma a sake buga shi da manyan baƙaƙe a manna a bango, don ina tabbatar miki cikin matan da suka yi dariya akwai waɗanda su ma ƙananan baƙaƙen nan sun fi ƙarfinsu. Wa ya fi ki sanin ƙanƙarar da za ta kai awa shida da wadda ba za ta kai ba? Wannan sanin bai tafi ko'ina ba. A waje kika saba nemansa, yanzu sai ki ɗaga murfi. Manaja mai hankali ba ta sallamar irin wannan, kuma ke kika ce 'yarki mai hankali ce.

Game da yadda za ta dube ki kuwa, i, ranar za ta gane uwarta tana kuskure. Ta isa ta san haka, ita ma uwa ce yanzu. Za ta kuma ga yadda babba ke tashi ya gyara abin da ya ɓata tun ba a kama shi ba, ita da ke da mutane a ƙarƙashinta tana bukatar ganin wannan fiye da yadda kike zato.

Ki ci abinci kafin ki tafi, ba a wannan magana da yunwa. Allah ya ba ki ƙarfin bakin faɗa, ya sanyaya zuciyar Auta, ya bar bawan Allahn nan a bakin aikinsa da sunansa a wanke. Ina yi muku fatan alheri, ku duka ukun.